Cire Masa Ƙarfen

"Cire masa ƙarfen nan daga baki," in ji Kawu, yana shafa wuyan dokinsa a ƙofar rumfar dukancina.

Na buɗe bakin dokin. Gefen hagu ya yi gyambo, har da jini. Raina ya ɓaci. Shekara ashirin ina haɗa wa Kawu linzami, ban taɓa ganin ya ji wa dabba ciwo ba.

"Ba laifin linzamina ba ne, Kawu. Fizgarsa kake yi. Me ya yi maka?"

"Gardama. Kullum a kwanar gida, in na ja shi hagu, sai ya turje."

"To in babu ƙarfe, da me za ka juya shi?"

Na miƙa masa ragama mai laushi ya duba. Hannunsa ya wuce ta, ya damƙi iska.

"Jiya na sauka na laluba wurin, ɗana. Rami ne. Wata biyar ke nan ba na gani, shi yake kai ni gida."

Ya rage murya. "Kada ka gaya wa yarana. Sayar da shi za su yi."