Wanzami da Burushi Uku

Ka ce kanka ya ɗaure, duk wanda ka tambaya sai ya kawo maka tasa maganar daban. To, gyara zama in ba ka misalin wani wanzami mai rumfa a bakin tasha.

Mutumin nan ya shekara ashirin yana aski, da tafin hannu yake murza sabulu a gemun mutane. Ran nan sai ƙaninsa, direban babbar mota, ya dawo daga Ikko da tsarabar burushi uku na tada kumfa. A haɗe ake sayar da su, sai da ya biya sannan mai kantin ya gaya masa cewa ɗaya gashin wata dabba ce mai kama da dage, shi ne mai daraja, ɗaya zaren roba ne, ɗayan kuwa gashin aladen daji. Ƙanin ya ce, "Yaya, ka ware na aladen ka yar." Wanzami ya ce wanne ne? Ƙanin ya sosa ƙeya, ya ce kwalayen tun a hanya ya zubar. Ya hau motarsa ya tafi.

Wanzami ya jera su a kan benci ya zuba musu ido. Mariƙinsu iri ɗaya, kowanne da baƙin ratsi a tsakiyar gashin. Ya jiƙa su ya gwada a bayan hannunsa. Na farko da tauri kamar sabuwar tsintsiya, sai ya sha ruwa sosai yake saki, amma yana tada gashi tsaye. Na biyu laushi kamar auduga, yana riƙe ruwan ɗumi, kumfarsa kamar kindirmo, sai dai in ya jiƙe wani ƙarni yake yi. Na uku ba tauri ba ƙarni, kana girgiza shi ya bushe. Ya kai wa mahauci, mahauci ya ce mai taurin nan roba ne, gashin dabba ba ya haka. Ya kai wa maharbi, ya ce ai dage da ratsi ake gane shi, da ya ga duka ukun da ratsi sai ya ce to a bi wari, alade ba ya ɓuya. Tela kuwa ya ce shi marar warin ya fi tsoro, wa ya san da me aka wanke shi? Wanzami ya dawo rumfa ya fi yadda ya fita ruɗewa. Yau ya ware wannan, gobe ya mayar ya ware wancan. Kafin mako ya zagayo magana ta cika tasha, wai yana shafa wa mutane gashin alade a fuska. Limamin unguwa, wanda kowace safiyar Juma'a a nan yake aski, ya tsaya daga bakin rumfa ya ce, "In ka tantance ka aiko mini." Benci ya zama wayam.

Da abin ya ishe shi sai ya bi maganar maharbi. Ya ɗauki mai laushin nan mai ƙarni, a gaban jama'a ya jefa shi a murhun mai shayi. Ƙaurin gashi ya tashi, kowa ya ce ka ji ko, ai shi ne. Mutane suka dawo. Mai taurin, da ya ɗauka roba ne, ya sa shi aikin yau da kullum. Marar warin, da ya ɗauka na dage ne, ya naɗe a ƙyalle sai liman da manyan baƙi. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don kullum mai taurin ƙara laushi yake, bakin gashinsa yana tsagewa biyu. Ya riƙa tambayar kansa, yaushe roba ta fara haka?

Bayan wata guda, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa yana jiran layi, ya ɗauki burushin nan mai tauri yana jujjuyawa. Ya kifa shi, ya sa tabarau, ya ce, "Malam, ka san abin da aka rubuta a gindin nan?" Wanzami ya ce ba sunan kamfani ba ne? Dattijo ya ce a'a, sunan gashin ne da Turanci, kowanne da nasa, wannan dai alade aka rubuta. Wanzami ya kwance ƙyalle ya miƙa masa ɗayan. Dattijo ya duba ya ce wannan kuma roba. Wanzami ya zauna aska a hannu, ya juya yana kallon murhun mai shayi, inda ya ƙona na dagen. Washegari ya bi mutanensa gida gida yana ba su haƙuri. Wasu suka yi dariya suka ce ai ba da gangan ba ne, wasu har yau ba su sake zama a bencinsa ba. Na robar nan da shi yake aiki yanzu, ba wanda ya taɓa kuka da shi.

To kai ma, kafin ka gama zagaya mahauta da maharba, juya abin da ke hannunka, in ba ka iya karanta shi ba ka kai wa wanda ya iya. Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.