Taliyar Tarbar Mamuda

Asiya ta kasa zama. Ta leƙa zaure, ta koma madafa, ta sake leƙowa. Tun hantsi ɗanta Mamuda ya ce motarsu ta baro Ƙaura Namoda, ga hanyar Zurmi ba a bin ta da kwanciyar rai.

Yaro ya yi shekaru a Turai, ta tabbata ba abin da yake kewa kamar abincin gida. Shi ya sa ta hana kowa tuƙa tuwo. Da hannunta ta murza taliya ta shanya a igiya, yau ta dafa, ta zuba manja da yaji.

Sai la'asar ya yi sallama. Da aka gama share hawaye ta tura masa kwano.

"Ci, ɗan nan. Wagga dai na san babu ta can."

Mamuda ya buɗe, ya ɗago ya dube ta.

"Inna, Italiya fa nike zaune. Gidan abinci nike aiki, kullum taliya nike murzawa, ita nike ci. Tuwon dawa nike mafarki."

Asiya ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. To wa ya kai musu taliyarmu?"