Takardar Sabuwar Na'urar Gem

Tun da aka fara saye da sayarwa a duniya ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda aka zalunci Injiniya a makon nan ba. Mutum mai kyan gashin baki, mai shagon na'urorin gem, wato wasan bidiyo, mafi tsafta a duk benen kasuwar, a ce kwana biyar ko mai tambayar hanya bai leƙo shi ba. Sunan Injiniya dai shi ya raɗa wa kansa, amma ai bai hana kowa raɗa wa kansa ba.

Wata takarda ce ta jawo. Ranar Litinin ta fara yawo a wayoyin 'yan benen, wai daga cikin kamfani aka sato ta, tana ɗauke da sirrin sabuwar na'urar gem da za ta fito nan da wata biyu. Ma'ajiyarta za ta haɗiye wasa ɗari biyar ba ta ƙoshi ba. Ƙwaƙwalwarta ta ninka ta yanzu sau huɗu. Hotonta kuwa, har gumin ɗan ƙwallo sai ka ƙirga. Layin ƙarshe ne ya tsinka hanjin kowa: rabin kuɗin ta yanzu za a sayar da ita.

To wa zai sayi tsohuwa?

Yayan matar Injiniya, mai shagon da ke kallon nasa, shi ya fara ruɗewa. Ƙato ne da ke ɗaukar firji shi kaɗai ya hau bene, amma ranar ya kasa zama wuri ɗaya, don na'ura talatin gare shi a ƙasa. Injiniya, saboda zumunci, ya kwashe su duka a kan abin da bai kai rabin kuɗinsu ba.

"Ka rufa min asiri, mijin ƙanwata," in ji Yaya, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Haba Yaya, ni da kai ai ba ta ɓaci."

Sai dai takarda ta ƙi tsayawa inda ya kamata ta tsaya. Ta sauka daga benen ta shiga gari. Ranar Laraba ta dawo an daddatse ta, an ƙara mata gishiri, har da hoton na'urar. Ranar Alhamis wani mai tabarau ya yi bidiyo yana rantsuwa ya taɓa na'urar da hannunsa. Masu saye suka ɗauke ƙafa ɗif. Kwalaye talatin suka tsaya a shagon Injiniya har rufi, suka tare madubin da yake duba gashin bakinsa. Da ya ji an ambaci takardar sai ya canza magana. Ya daina taɓa abinci. Matarsa ta tambaye shi, ya ce zafin gari ne.

Kashegari 'yan benen suka taru a baranda da rana tsaka. Mai Gyara ce ta kira su, matar da ke hawa na sama, wadda ke kwance na'ura da gilashin ƙara gani a ido ɗaya. Ta ce ta bi takardar nan layi-layi, yau za ta faɗi abin da ta gano.

Kafin ta buɗe baki Yaya ya rufe ƙofar matakala, ya jefa makullin a aljihu.

"In gaskiya ce, ƙaddara ce, na karɓa," ya ce a hankali. "In kuwa wani ne ya zauna ya ƙirƙira, hannun da ya rubuta ta ba zai ƙara riƙe cokali ba."

Ya jawo Injiniya ya zaunar da shi kusa da shi a kan benci, ya aza masa hannu a kafaɗa. Hannun ya yi nauyin buhun siminti. "Kai kaɗai na yarda da kai a wurin nan."

Gumi ya gangaro wa Injiniya ta tsakiyar baya. Ya dubi ƙofar da aka kulle, ya dubi tagar da ke hawa na uku.

"Ƙarya ce," in ji Mai Gyara. "Babu wata na'ura mai zuwa nan da wata biyu. Wanda ya fara turo ta kuma da sabon layin waya ya turo, ya yar da shi. Na bi sawu har na gaji, ba mai gano shi."

Baranda ta kaure da hayaniya. Injiniya ya fara lissafi a zuci. Kwalayensa talatin sun koma daraja ke nan, kafin sati ya zagayo zai sayar da su ninki biyu. Abin da ya rage masa kawai ya zauna shiru a buɗe ƙofa.

Amma Mai Gyara ba ta gama ba.

"Ai ko ba bincike, duk wanda ya taɓa kwance na'ura ya san shirme ne. Ƙwaƙwalwa mai wannan ƙarfi, a ce fanka ɗaya tal ce za ta sanyaya ta? Minti goma za ta narke. Wanda ya rubuta wannan jahili ne na ƙin ƙarawa. Ko batirin rimot ba na jin ya iya sawa daidai."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ƙila da ƙafa ya rubuta. Wani ya ce irinsu ne ke hura wa na'ura iska da baki su ce sun yi gyara. Yaya ya yi dariya har benci na girgiza, hannunsa na nan a kafaɗar surukinsa.

Injiniya ya shafa gashin bakinsa, ya gyara wuyan riga.

"Baiwar Allah, ki iya bakinki," ya ce. "Fanka biyu na rubuta, wajen tura wa juna ne jahilai suka yanke ɗaya."