Ruwan Kanal

Tsohuwar motar Malam Sammani ta sake yin zafi, tana ta tururi a ƙofar gida. Taufiq bakanike ya zo daga Kura. Ya duba fanka da tiyo, lafiya lau. Da ta huce ya buɗe lagireto, sai taɓo.

"Baba, sau nawa zan ce ka daina zuba mata ruwan kanal ɗin noman rani? Toshe ta yake yi."

"Tsufa ne. Zauna mu ci abinci."

"Sauri nake."

Ya wanke lagireton, ya hau babur ya tafi. Taufiq ɗan Malam Sammani ne na cikinsa, amma tun rasuwar uwarsa gyaran mota kaɗai ke kawo shi gidan.

Malam Sammani ya rufe kwano na biyu da ya tanadar wa Taufiq. Ya ɗauki jarka, ya bar rijiyar tsakar gida, ya nufi kanal.