Gudun Malam Jinaidu

Karo na uku ke nan Jumare yana zagaya ragargazajjiyar motar fijo a hanyar Rijau. Shi ne jami'in kiyaye haɗurra da aka tura binciken haɗarin. Birki lafiya lau, tayoyi sababbi, amma allurar gudu ta maƙale a ɗari da arba'in.

Ya kasa zama. Ya nufi gidan mahaifiyar mamacin, Malam Jinaidu, a Kontagora.

"Gwaggo, ɗanki mai son gudu ne?"

"Jinaidu? Ko mai keke wuce shi yake yi," in ji tsohuwar. "Maciji ne ya sari 'yarsa a Rijau, ya zo nan sayen allurar dafi tun da hantsi. Masu talla sun ce wani ma'aikaci ya tsare shi awa biyu a bakin gari saboda fitilar baya. Yana ta roƙo, mutumin ko ɗago kai bai yi ba."

"Yarinyar fa?"

"Tare aka sallace su."

Ta miƙo masa takardar da aka samu a aljihun Jinaidu. Jumare ya warware ta a tsaye. Takardar gargaɗi ce kan fitila. Sa hannun da ke ƙasa nasa ne, shi Jumare.