Linzami a Hannun Hagu

Kibiyar ta motsa a fuskar kwamfutar, Baba ya sauke ajiyar zuciya.

Kwana uku na yi ina zaga kasuwa saboda wannan ɗan motsin. Tsohon linzamin kwamfutar ya mutu, sabon da na sayo kuma bakinsa mai faɗi ne, ramin tsohuwar kwamfutar zagayayye. Sai a shago na biyar wani mai gyara ya tono mini 'yar mahaɗa daga ƙasan akwatinsa, yana dariya: "Wannan kwamfutar ai ta yi jika da ke."

Na danna maɓallin hagu don in buɗe hotuna, sai ya yi aikin na dama. Na sake dannawa, haka dai.

"Baba, maɓallan a juye suke. Da ka bari na saya maka sabuwa, da tuni mun huta. Bari in gyara."

Ya dafa hannuna. "Ke dai uwar gaggawa. Ba lalacewa ba ce."

Ya ɗauki linzamin, ya zagaya da wayarsa ta bayan allon rubutu, ya ajiye shi a hagu, daidai inda fentin teburin ya goge.

"Mamanki ce ta juya su. Kin san bahaguwa ce."

Shekara shida ke nan da rasuwarta. Na tsaya ina kallon Baba, wanda ko biro bai taɓa riƙewa da hagu ba, yana tura kibiyar da hannun hagu, babu ko gargada.