Mutum-mutumin Ejnar Thygesen

Saura kwana tara a yaye zanen da aka lulluɓe mutum-mutumin Ejnar Thygesen da shi, aka kawo ƙarar sabon mai zagayawa da baƙi karo na uku.

Ƙungiyar Tarihin Klitvig mutum goma sha ɗaya ce, duk 'yan sa-kai, autansu shekararsa sittin da huɗu. Dukiyarsu ba ta wuce tsohon ɗakin shanya kifi da suka mai da ɗakin tarihi, wanda har yau bai daina ƙarni ba, da ruɓaɓɓun komar kamun kifi biyu, sai kuma Ejnar. A guguwar 1974 ya tura kwalekwalensa shi kaɗai don ya kai igiya ga wani jirgin dakon katako da ke neman kifewa. Jirgin ya tsira, ya yi gaba abinsa. Kwalekwalen ya dawo gaɓa babu kowa a ciki.

Matar da ya bari, Bodil, ita ke shugabantar ƙungiyar tun ranar da aka kafa ta. Ba ta ƙara aure ba. A coci kujerar gaba tata ce, a gidan burodi ba ta bin layi, magajin gari ma idan ya hango ta sai ya gyara wuyan riga.

Wanda ake ƙarar kuwa Holger Bech ne, wani tsoho mai gemu har ƙirji. Farkon bazara ya sauka garin, ya kama ɗaki a saman shagon kekuna, ya ce ya ƙare ƙarfinsa a ƙasar waje, yanzu iskar teku yake so. Ranar da ya fara zuwa ɗakin tarihi ya sunkuya a bakin ƙofa tun kafin a gargaɗe shi game da katakon da ke fasa goshin kowane baƙo. Preben, sakataren ƙungiya, tsohon mai raba wasiƙu, ya ce ga mutum mai lura, ya damƙa masa makulli.

Ba a yi mako biyu ba Preben ya fara cizon yatsa. Holger ya gaya wa wasu Jamusawa cewa Ejnar ko iyo bai iya ba. Ya gaya wa matan wata ƙungiyar saƙa cewa rigar ruwan da ke cikin akwatin gilashi ta wan Ejnar ce, su duba tsawon hannun. Na ukun shi ya fi zafi: ya ɗaga zanen, ya leƙa mutum-mutumin, ya yi dariya har da tari, ya ce an ba mamacin haɓar ɗan fim, alhali tasa ba ta fi ta kifi ba.

Aka kira taron gaggawa ranar Alhamis, da kofi da kek ɗin kirfa kamar kullum.

"Kai da ka zo jiya-jiya," in ji Preben yana buga cokali a tebur, "me ka sani game da haɓar gwarzonmu?"

"Kai dai wasiƙun mutane ka sani, su ma ta bayan ambulan," in ji Holger. "Ba gyara tarihi muka taru yi ba?"

Daga nan ya sanar da su cewa ranar bikin yaye zanen zai karɓi lasifika a gaban magajin gari da 'yan jarida, yana da magana ta minti biyu kacal.

Ɗakin ya rikice. Wata ta ce a kira 'yan sanda, wani ya ce a canza kwaɗon ƙofa. Bodil kuwa ta miƙe. Ta zagaya da butar kofi, ta zuba wa Holger rabin kofi, ta jefa masa ƙwayar sukari uku, ta wuce na gaba.

Aka ɗaga hannu. Mutum tara suka ce a kore shi.

"Ku ba ni wuri da shi," in ji Bodil.

Suka fita suna murmushi, don duk garin an san yadda mutum ke komawa idan Bodil ta gama da shi. Ta rufe ƙofa, ta ja kujera ta zauna dab da shi.

"Bodil, na tsufa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "So nake a rubuta gaskiya kafin in mutu."

Ta yanki kek, ta tauna a tsanake, ta goge baki.

"Ai ka riga ka mutu tun ranar da ka haye jirgin katakon nan, Ejnar, kuma shi ne abin kirki ɗaya tak da ka taɓa yi mini. Ka kuskura ka buɗe baki ranar biki, da hannuna zan nutsar da kai, wannan karon kuma sai an ga gawa."